Rola, foti da jar ƙasa: yadda aikin mazaunan 'yan sojojina ke tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Rololin sun iso jiya da daddare, wani abokina da ke karatu a Turai ne ya sako min su cikin kayan wani mai dawowa gida. Guda uku ne, na kamfanin Green Stuff World da ke Alicante a ƙasar Sifen, kowacce tsawonta wajen santimita 14 da rabi, kaurinta santimita 2 da rabi, roba ce mai tauri da ake hango ta cikinta, an sassaƙa zane a jikinta zagaye, in ka murza ta a kan abu mai laushi sai zanen ya fito a kansa. Ɗaya duwatsun daɓen titi irin na tsofaffin garuruwan Turawa, ɗaya bulo, ɗaya falankin katako.

Ga wanda bai san harkar ba, 'yan sojojin robar da ake wasan tebur da su irin na Warhammer ko Dungeons & Dragons, tsayin mutum ɗaya bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, kuma kowanne a kan ɗan faifan roba baƙi yake tsaye, wato mazauninsa. Faɗin mazaunin nan ba a wasa da shi don a yawancin wasannin daga bakinsa ake auna tafiya da nisan harbi, amma samansa kam naka ne, in ka ga dama ka bar shi baƙi haka in ka ga dama ka mai da shi titi ko daji ko fadar sarki. Abin da aka saba shi ne a shafa farin gam a barbaɗa yashi shikenan, to ni na gaji da yashi wallahi, duk sojojin da nake da su a kan yashi suke.

Rundunar da zan yi wa aikin masu rakiyar ayari ce, mutum 40. Dakarun ƙasa 30 a kan mazauni mai milimita 25, mahaya 8 a kan dogon mazauni mai 60 da 35, sai manya biyu a kan 50. So nake rabi su kasance a cikin gari rabi a bakin gari inda ƙasa ta bushe ta tsattsage. Ta cikin garin ina da rola, ta busasshiyar laka ce babu, wannan sai a gaba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Satin nan gwajin abin da za a murza aka yi, don rola ita kaɗai ba ta yin komai sai da abin da za ta taka.

Yumɓun nan da ke bushewa da iska shi ne mafi araha kuma yana ɗaukar zane da kyau, matsalarsa ruwa ne a cikinsa, in ruwan ya fita sai ya tsuke, a kan ɗan mazauni mai 25 za ka ga bakinsa ya ja baya ya ɗan ɗago, wani ma ka taɓa shi da farce ya fita gaba ɗaya don ba ya kama roba. In za a yi babban fili na tebur zan koma masa, amma a nan a'a.

Yumɓun roba da ake gasawa, irin Fimo, shi daɗinsa ba ya bushewa sai ka gasa, ka murza ka ɓata ka sake murzawa har ka gaji. Gashin digiri 110 ne na minti 30, kuma ba a saka mazaunin roba a obin don zai lanƙwashe, sai dai ka murza faffaɗa a kan tayil ka yanka zagaye ka gasa daban sannan ka liƙa da sufa gulu. Kuma kar a bar ɗanyensa ya kwana a kan robar mazauni, man da ke cikinsa yana cin irin wannan robar. Ya yi kyau, sai dai obin ɗin gidan ba nawa ba ne kuma an riga an gaya min matsayina a kansa.

Saura foti mai haɗi biyu, su ne ainihin 'yan takarar. Green Stuff, wato zirin nan mai gefe shuɗi gefe rawaya da in ka cakuɗa ya koma kore, asalinsa fotin masu gyaran famfo ne daga Amurka kafin masu sassaƙa su ƙwace shi. Yana fitar da zane tar, ko ɗan ƙaramin layi ba ya ɓata, amma danƙo ne da shi na bala'i, kuma ko ya bushe yana da ɗan laushin roba, samfefa ba ta cinsa da kyau. Milliput kuma na Wales ne a Birtaniya, shi ba danƙo sosai, ruwa yana lausasa shi, in ya bushe ya zama dutse ka goga samfefa ka huda yadda kake so, sai dai zanensa bai kai na koren kaifi ba kuma siririn bakinsa yana iya ɓallewa. Da na haɗa su rabi da rabi sai kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, danƙon ya ragu, zanen ya fito, ya bushe da tauri. A kan wannan haɗin na tsaya. Ga kuma sauƙin aljihu, don koren ya fi tsada.

Wani ɗan abu, tsakiyar zirin inda shuɗi da rawaya suka haɗu yakan riga ya ƙandare tun a kwali, a yanke shi a yar kafin a cakuɗa in ba haka ba za ka ga ƙananan gudaji a cikin daɓenka.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Maganar lokaci. Masu harkar a Turai suna cewa in ka cakuɗa ka bar shi ya huta minti 20 zuwa 30 danƙon ya kwanta, sannan kana da wajen awa ɗaya da rabi kafin ya ƙi aiki. To wannan lissafin ɗaki mai sanyi ne, foti irin wannan zafi ne ke hanzarta shi, a ɗakina da rana tsaka ga kwanon rufi ya ɗau zafi, kafin ka murza na biyar na shida ya fara gardama, rola ta bi ta kai zanen ya fito sama-sama. Yanzu bayan isha'i nake zama ko da sassafe, kuma kaɗan-kaɗan nake cakuɗawa, wanda zai ishi mazauni huɗu kawai. Sauran zirin yana firij a cikin leda, sanyi yana ƙara masa kwana.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An fara na gaske. Ga yadda hannu ya zauna.

Da farko na karce saman mazaunin da reza gicciye don fotin ya samu abin kamawa. Sai in murza fotin shimfiɗe da rola marar zane a kan tayil, irin dai yadda ake murza kwaɓin cincin, kauri bai wuce milimita 2 ba, kuma don kaurin ya zo ɗaya ina ajiye tsofaffin katin ATM bibbiyu a gefe da gefe rola ta hau kansu, kati biyu wajen milimita ɗaya da rabi ke nan, daidai abin da nake so. In ya fi haka kauri sojan zai yi tsayi fiye da 'yan'uwansa kuma fotin ya riƙa tsartuwa ta gefe, in bai kai ba rola ta taɓo robar ƙasa duwatsun su fito da rami a tsakiya.

Sai mai zanen. A jiƙa ta da ruwa ko a shafa basilin ɗan kaɗan da tsohon buroshin haƙori ya shiga lungunan zanen, hoda ma tana yi. Sannan murza ɗaya tak, gaba kawai, da nauyin hannu iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba komawa baya, don in ka dawo zanen ba zai taɓa faɗawa inda ya faɗa da farko ba sai ya fito biyu-biyu. In bai yi ba dunƙule ka sake daga farko. Murzawar kanta daƙiƙa goma ce, duk sauran awannin shiri ne da jira da gyara.

Abin da ban ga ana yawan faɗa ba shi ne rola mai kaurin santimita 2 da rabi zagayenta bai kai santimita 8 ba, ke nan duk bayan santimita 8 zanen ya dawo farko, dutse mai tsaga ɗin nan da ya burge ka zai sake fitowa, kuma in kowane mazauni a wuri ɗaya kake ɗora rola to sojoji goma za su jeru kowa da wannan dutsen a gaban ƙafarsa. Shi ya sa na daina murzawa a kan mazauni kai tsaye, faffaɗa nake murzawa sannan in yanko zagaye daga wurare daban-daban, in juya wannan dama wancan hagu wancan a karkace. Murfin kwalba na samu wanda bakinsa ya zo daidai da 25 na goge shi da samfefa ya yi kaifi, shi ne abin yankana.

Wanke rola nan take da ruwan ɗumi da sabulu kafin fotin ya bushe a ciki. Banda tina, banda sifirit, banda ruwan goge jan farce, duk suna sa irin wannan robar ta yi hazo ko ta tsattsage.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na ajiye rolar bulo, bari in faɗi dalili, amma sai na fara da ɗan lissafi. Sojan milimita 28 ana ɗaukarsa kamar kashi 1 cikin 56 na mutum, ke nan mazauni mai 25 fili ne na mita ɗaya da santimita 40 kacal, wajen tsayuwar mutum da ɗan abin da ya rage. Bulon siminti namu mai tsawon santimita 45 a wannan ma'aunin milimita 8 ne, intalok mai santimita 20 bai kai milimita 4 ba. To duk zanen da dutsensa ɗaya ya cinye rabin mazaunin, ido zai karanta shi a matsayin katafaren dutsen fada, wanda kuma ya yi ƙanana da yawa sai ya koma tsakuwa daga nesa. Bulon rolar ma'auninsa daidai ne ba laifinsa, kawai dai jajayen bulo a jere sun kai sojojina wani gari a Ingila, ni kuma ba can nake son su ba. Ta duwatsun daɓen ta fi dacewa in na daddanne wasu duwatsun da bayan buroshi na cike wasu da ƙasa. Ta katako na ba mutum biyu kawai, masu tsaye a bakin rijiya.

Kuma gaskiya na fara ganin cewa mazauni goma masu zane cike daga baki zuwa baki in suka jeru ido a ƙasa yake tsayawa, sojan da ka kwana kana fentin rawaninsa ba wanda ya kalle shi. Don haka daga yanzu kowanne sai na ɓata wani sashe da gangan, kashi ɗaya cikin uku ya zama ƙasa ta binne daɓen.

Asabar, 14 ga Disamba

Rolar busasshiyar laka, ta gida. Wannan shi ne abin da ya fi min daɗi a aikin gaba ɗaya.

Abin da za a riƙe shi ne rola kishiyar abin da kake so ce, inda kake son rami a daɓe to tudu ne a jikinta. Tsagar laka rami ce, ke nan siraran tuddai nake buƙata a jikin bututu. Na samu guntun faif ɗin roba na famfo inci ɗaya, na goge shi da samfefa, na ɗauko zaren ɗinki mai kauri da siririyar wayar tagulla da na zaro daga tsohuwar wayar wuta, na riƙa liƙa su da sufa gulu gaɓa-gaɓa. Waya ita ce manyan tsagu, zare ƙanana.

Kafin in fara sai da na je bakin wani kududdufi da ya janye na tsuguna na ɗau hotuna, mutane na wucewa suna kallona, wani dattijo har ya tsaya ya ce “Malam lafiya, wani abu ne ya faɗi?” na ce a'a Baba ƙasar nake kallo, ya girgiza kai ya wuce. Amma zuwan ya yi rana, don da ka zana tsagar laka da ka sai ka yi ta kamar saƙar zuma mai gefe shida-shida, alhali a zahiri laka da ta bushe karo na farko babbar tsaga ce ke fara tafiya doguwa tana lanƙwasa, sai ƙananan su zo su same ta a tsaye su tsaya nan, ba sa tsallake ta, mahaɗar tana fitowa kamar harafin T. Faɗin ɓawon ma ba ɗaya ba ne, inda lakar ta yi kauri ɓawon manya ne tsagar da faɗi, bakin gaɓa inda ta yi siriri ƙanana ne birjik. Haka na bi, gefe ɗaya na faif ɗin manya ɗaya gefen ƙanana, sai ya zama rola ɗaya ta ba ni zane biyu.

Wurin da ya ba da wuya shi ne mahaɗa, inda zaren ya zagayo ya samu farkonsa, dole layukan su haɗu in ba haka ba duk zagaye ɗaya za ka ga wani fili fayau ba tsaga. Da na gama na bi kan zaren da sufa gulu siriri don gashinsa ya kwanta kar ya riƙa kama foti. Faif ɗin ya fi rolar kanti kauri, zagayensa ya haura santimita 10, to maimaicin ma ya ragu.

Sakamakon bai kai na inji tsafta ba, wasu tsagun sun fi wasu zurfi, kuma wannan rashin daidaiton ne ma ya sa ya yi kama da gaske. Bayan murzawa ina ɗan ɗaga bakin wasu ɓawon da tsinin allura, don busasshiyar laka bakinta naɗewa yake sama.

Asabar, 21 ga Disamba

An yi hutun makaranta, ɗan yayata ya tare a ɗakina. Shi ke shafa basilin shi ke yanka da murfin kwalba, kuma hannunsa ya fi nawa sauƙi a kan rola. Tambayarsa ta farko, “Kawu to ta ina ƙafarsu za ta zauna tunda ƙasan ba daidai ba ne?” kuma tambayar tana kan hanya, don soja a kan duwatsu in ba a kula ba sai ya zama yana shawagi, dunduniya a kan dutse yatsu a iska.

Hanya biyu muka bi. Dakarun ƙasa tun fotin yana da ɗan laushi muke jiƙa tafin ƙafar sojan mu danna shi kaɗan ya bar sawu mu cire, in ya bushe sawun yana nan yana jiransa. Mahaya kuma da yake doki wani a kan ƙafa biyu yake tsaye gam kaɗai ba zai riƙe ba, sai na huda kofaton da ɗan abin huda na hannu mai milimita 1, na saka guntun kilif ɗin takarda, na huda mazaunin har ƙasa ya ratsa. A ƙarƙashi kuma kowanne na liƙa masa ɗan maganaɗisu don su kama gwangwanin da nake ɗaukarsu a ciki.

Bakin mazauni sai an bi shi da reza bayan awa biyu zuwa uku, lokacin fotin ya yi tauri amma bai zama dutse ba, yana yankuwa sumul. In ya kwana sai samfefa, kuma ƙurarsa ba ta shaƙa ba ce, a jiƙa samfefar. Duk 40 an murza. Duk an wanke su da sabulun wanke-wanke don inda basilin ya rage fenti ba zai zauna ba.

Lahadi, 29 ga Disamba

Fenti a cikin hunturu wani yaƙi ne daban. Na fesa fentin shimfiɗa ruwan ƙasa mai duhu a cikin kwali na rufe nan da nan, don minti biyu a waje ya isa ƙura ta zauna a kai. Fentin ruwa kuma kana ɗiga shi a faranti iska ta shanye shi, sai da na yi farantin danshi, soso jiƙaƙƙe a roba mai murfi da takardar gashin kek a sama, a kai nake ɗiga fentin ya kai ni har dare.

A nan ne zanen rola ke biyan kuɗinsa. Launin farko, sai tsinkakken fenti mai duhu da ke gangarawa ya kwanta a ramuka da kansa, in ya bushe sarai sai busasshen buroshi, wato ka ɗebi fenti mai haske ka goge kusan dukkansa a tsumma sannan ka riƙa shafa sama-sama ya kama tuddai kawai. Matakai uku ke nan kuma zanen ya tashi tsaye. Duwatsun daɓen ban bar su launi ɗaya ba, kafin tsinkakken fentin nakan zaɓi uku ko huɗu in canza musu, wannan ya ɗan yi ja wancan toka-toka wancan rawaya-rawaya.

Launin ƙasar ja na zaɓa irin na ganuwar Kano da tsofaffin gine-ginen cikin gari, kuma ba don kishin gida kawai ba, sojojin rigunansu shuɗin baba ne irin na marinar Ƙofar Mata, shuɗi kuma a kan ja mai ruwan lemo ya fi fitowa fiye da kan toka. Sai dai na kashe kaifin jan da ɗan ruwan ƙasa, don in ya yi ja wur zai dawo ya rinjayi rigar.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Jar ƙasa ta gaske ta shiga aikin. Na ɗebo daga inda ake haƙar tushen gini a layinmu, na shanya ta bushe ƙarau, na daka na tankaɗe da rariyar shayi sannan na sake tacewa da tsohuwar safa har ta zama gari. Da busasshen buroshi nake cusa ta tsakanin duwatsu da wuraren da na ɓata da gangan, in ɗiga farin gam da aka tsinka da ruwa da ɗigon sabulu a gefe ya tsotsa da kansa ba tare da na taɓa ba. Tana yin duhu in ta jiƙe, ta dawo da haskenta in ta bushe, to kar a yi saurin ƙarawa. Kaɗan na shafa a kofaton dawakai da gefen rigunan ƙasa don sojan da mazauninsa su zama wuri ɗaya suka fito.

Na laka ban sa musu ƙasa a cikin tsagun ba, duhun ramin shi ne kyansu, ciyawar roba busasshiya tsiro ɗaya-ɗaya kawai a wasu, ba duka ba.

Inda aka tsaya yanzu, dakarun ƙasa 30 sun hau mazauninsu an zagaye bakin da baƙin fenti, mahaya 8 saura feshin banish marar ƙyalli kuma sai ranar da iska ta lafa. Manyan biyun masu 50 na riƙe su tukuna, fili ne da su da zai ɗauki abu fiye da daɓe, ina tunanin ɗan guntun katangar ƙasa da ta rushe a gefe ɗaya da zanen gini irin na ƙofar gidajen da a jikinta. Wannan rola ba za ta yi ba sai dai hatimi, zan sassaƙa shi a jikin ragowar Milliput in ya bushe in danna, kuma tunda hatimi juya zane yake dama ta koma hagu sai na fara zana shi a takarda na duba a madubi. Faif ɗin ya rage wajen taƙi ɗaya, ɗan yayata ya riga ya ce nasa ne, wai rolar sawun raƙuma zai yi kafin a koma makaranta.